Tambaya da Amsa: Ƙarar da Ke Fitowa Daga Kunnen Kare da Sauran Larurorin Kunne

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan kunnen kare suke magana. Wasu masu karatu suna tambaya ne game da wata ƙara da suke jin tana fitowa daga cikin kunnen, wasu kuma wari ne ya dame su, ko ƙaiƙayi, ko kumburi. Saboda haka na ware fitowar wannan karo dominsu kaɗai. Na taƙaita wasu tambayoyin, na kuma haɗe waɗanda suka zo da damuwa iri ɗaya.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Karena ɗan shekara 3 ne, irin masu dogayen kunnuwa da suke rataye. Kwana goma ke nan idan na murza gindin kunnensa na hagu sai in ji wata ƙara caɓal-caɓal, kamar an taka jiƙaƙƙen takalmi, ga kuma wani wari da ban saba ji a jikinsa ba. Yana cin abincinsa, yana kuma wasa. Shin abin damuwa ne, ko zai wuce da kansa?

Amsa: Malam, barka kadai. Abin da kake ji ruwa ne da iska suke cakuɗuwa a cikin ramin kunne, kuma kunnen kare mai lafiya ba ya tara ruwan da har zai yi ƙara. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne kamar namu. Daga bakin kunne yakan gangara ƙasa a tsaye, sannan ya lanƙwasa ya nufi cikin kai a kwance har ya tarar da dodon kunne, wato siffarsa ta yi kusa da harafin L. Duk abin da ya taru a can ƙasa, ruwan wanka ne ko dattin kunne ko mugunya, sai ya hau tudu kafin ya fito waje. Idan kuma fatar kunnen ta rufe bakin ramin kamar murfi, yadda take a karenka, iska ba ta ratsawa, sai wurin ya zauna da ɗumi da danshi, irin yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi samun sakewa a ciki.

Da a ce ƙarar ta biyo bayan wanka ne ko iyo, ko bayan an zuba maganin wanke kunne, ta kuma ɓace cikin yini guda, da sai in ce ka kwantar da hankalinka. Amma kwana goma, ga kuma wari, alama ce ta kumburin ramin kunne na waje, wanda likitoci suke kira otitis externa, kuma yana cikin larurorin da suka fi kai karnuka asibiti. Halittu iri biyu ne suka fi hayayyafa a irin wannan kunne. Akwai wata ƙwayar yis mai suna Malassezia, wadda dama tana zaune a fatar kare mai lafiya ba tare da ta cutar da shi ba, sai idan ta yi yawa ne take fitar da datti mai maiƙo, ruwan ƙasa, mai warin tsami. Akwai kuma bakteriya, mafi yawa dangin Staphylococcus, masu fitar da mugunya mai launin rawaya. Wadda muka fi jin tsoro ita ce Pseudomonas, domin takan kawo mugunya mai ruwa-ruwa da ɗoyi, ta yi wa bangon ramin gyambo, ta fasa dodon kunne, sannan magunguna da dama ba sa kashe ta.

Ban kawo maka waɗannan launuka domin ka tsaya a gida ka yanke hukunci da ido ba, don sau da yawa yis da bakteriya tare suke zama, kuma launi yakan yaudari har wanda ya daɗe a aikin. Likitan dabbobi zai laƙato ɗan dattin ya shafa a gilashi, ya rina shi, ya duba a madubin likita, aikin da ba ya wuce 'yan mintuna amma shi ne yake nuna maganin da ya dace. Zai kuma leƙa da fitilar duba kunne ya ga ko dodon kunnen yana nan lafiya, kuma wannan shi ne abin da babu yadda za a yi ka gani daga waje saboda lanƙwasar da na ambata. Cin abinci da wasan da yake yi kada su ruɗe ka, kare dabba ce mai dauriya, yakan jure ciwon da mutum ba zai iya barci da shi ba. Ka kai shi cikin kwana biyu ko uku, kuma kada ka wanke kunnen a ranar da za ku je, domin dattin nan shi ne shaidar da likita yake bukata.

Tambaya: Likita, sau huɗu ke nan cikin shekara guda ana yi wa karyata maganin ciwon kunne. Duk lokacin da aka ɗiga magani sai ta warke, bayan wata ɗaya ko biyu sai abin ya dawo, yanzu ma kunnuwan biyu ne. Shin maganin ne ba shi da kyau?

Amsa: Hajiya, da wuya a ce laifin maganin ne. Ramin kunne fata ce da ta lanƙwasa ta shiga ciki, saboda haka duk abin da yake damun fatar jiki yana iya bayyana a kunne, wani lokaci ma a kunnen kaɗai. Yis da bakteriya ba su cika kama lafiyayyen kunne haka kawai ba. Sai wani abu ya fara kumbura fatar, ya ƙara yawan maiƙon da take fitarwa, sannan su samu ƙofar shiga. Maganin ɗigawa yana kashe su, amma idan wancan abu na farko yana nan, an share ɗaki ne an bar taga a buɗe ga ƙura.

A karnukan da ciwon kunne yake yi musu ta dawowa, babban abin da ake zargi shi ne alaji, wato jiki ya riƙa yin bori idan ya haɗu da wani abu da ba ya cutar da sauran karnuka, kamar ƙurar furen ciyawa, ko ƙananan ƙwarin da suke zama cikin ƙurar ɗaki, ko wani nau'in abinci. Irin wannan yakan fara bayyana tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa. Ki lura da ita da kyau: tana yawan lasar tafin ƙafafunta? Tana goga fuska a ƙasa ko a jikin kujera? Hammatarta da cikinta sun yi ja ko sun yi baƙi? Idan haka ne, kunnen reshe ne kawai na matsalar. Idan ana zargin abinci, hanyar da ake tabbatarwa ita ce a ɗora ta a kan abinci guda wanda ba ta taɓa ci ba, ko abinci na musamman da likita zai rubuta, har tsawon kimanin mako 8 ba tare da ta ɗanɗana komai daban ba, sannan a mayar mata da tsohon abincin a ga ko ƙaiƙayin zai dawo. Naman shanu, madara da naman kaza suna cikin abubuwan da aka fi samu da laifi. Wannan gwaji yana da wahala a gidan da yara suke jefa wa kare ragowar abin da suka ci, domin loma guda tana iya rushe aikin makonni, amma gwajin jini bai isa ya maye gurbinsa ba.

Akwai wasu dalilan. A kare mai matsakaicin shekaru wanda ya yi ƙiba, ya yi kasala, gashinsa yana zubewa, akan auna sinadarin da ƙullin maƙogwaro na tayirod yake fitarwa, domin ƙarancinsa yana lalata fata da kunne. Idan kunne ɗaya ne tak yake maimaita ciwo, musamman a tsohon kare, sai a nemi wani tsiro a cikin ramin ko wani abu da ya maƙale. Sau da yawa kuma cutar ta riga ta tsallake dodon kunne ta samu maɓoya a kunnen tsakiya, inda ɗigon magani ba ya kaiwa yadda ya kamata, daga can take sake fitowa. Sai kuma abin da na fi gani a wurin masu karnuka: da zarar wari ya tafi sai su ajiye kwalbar, ba sa komawa a sake duba dattin a tabbatar an gama da cutar.

Ina jaddada wannan ne saboda kowane zagaye na kumburi yana barin tabo. Bangon ramin yakan yi kauri, ramin ya tsuke, daga baya guringuntsin ya taurare kamar ƙashi, har a kai matsayin da magani ba ya iya shiga, sai dai tiyatar cire ramin kunnen gaba ɗaya. Karyarki ba ta kai nan ba da alama. Idan kin koma asibiti, ki gaya wa likita adadin lokutan da abin ya dawo da watannin da yake dawowa, ki roƙe shi a nemi tushen.

Tambaya: Likita, abin da zan faɗa zai yi kama da almara. Da dare idan gari ya yi tsit kuma karena yana kwance kusa da ni, ina jin wani siririn sauti tsiii yana fitowa daga kunnensa na dama. Na leƙa ban ga datti ba, babu wari, shi kuma bai damu ba. Wani abokina kuma ya ce nasa ƙas-ƙas yake ji. Ko kunnena ne yake yaudarata?

Amsa: Malam, ba lalle ba ne kunnenka ya yaudare ka, kuma akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Ka matsa daga wurin karen ka saurara, ka sake kusantowa, ka kuma kira wani ya saurara. Idan sautin yana bin ka duk inda ka je, naka kunnen ne yake bukatar likita. Idan yana ƙaruwa ne yayin da ka kusanci kunnen karen, to abin da kake ji sananne ne a ilmi, ko da yake ba a cika haɗuwa da shi ba.

A can cikin kunne akwai wani ɓangare mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wanda a cikinsa ake juya sauti ya zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Wasu daga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da suke wurin suna motsi da kansu domin su ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi, kuma wannan motsi yana haifar da ɗan sauti da yake komowa waje ta dodon kunne. Masanin kimiyya ɗan Birtaniya David Kemp ne ya fara auna wannan sauti a kunnen mutum a 1978, kuma a kan bincikensa aka gina na'urar da ake gwada jin jarirai da ita a asibitoci a yau. Yawanci sautin ya yi rauni da yawa, sai na'ura ce take kama shi. Amma an samu karnuka, kyanwoyi da dawakai ƙalilan da nasu yake da ƙarfin da mutum zai ji shi idan ya matso. Dabbobin da aka gani da haka galibi ba sa nuna damuwa, kuma idan an duba kunnen an same shi lafiya ba a yi musu wani magani. Duk da haka a kai shi a leƙa, a kuma gwada ko yana ji da wannan kunne sosai.

Batun abokinka daban ne. Ƙas-ƙas ko ƙis-ƙis yana da tushe fiye da ɗaya. Akwai ƙananan tsokoki guda biyu a kunnen tsakiya waɗanda aikinsu rage ƙarfin sauti mai tsanani, kuma idan ɗaya tana fizga da kanta, kamar yadda fatar ido take yi wa mutum rawa, akan ji sauti mai maimaituwa. Gaɓar muƙamuƙi kuma tana daf da ramin kunne, don haka idan ƙarar tana zuwa ne lokacin tauna ko hamma, a can ya kamata a duba. Busasshen datti da ya manne a kan dodon kunne, ko ƙwaro ko kaska da ta shige ciki, su ma suna ba da ƙara, amma irin wannan kare ba ya zama lafiya, zai yi ta kaɗa kai yana susa. Ka tuna cewa abin da ya iso kunnen abokinka daga waje a raunane, shi karen a cikin kansa yake jin sa. Kafin komai dai, abokin naka ya cire abin wuyan karen ya sake saurarawa, domin ƙarfen da yake jikinsa ya sha sa mutane zargin kunne a banza.

Tambaya: Likita, na karɓo kwikwiyo ɗan wata 3. Kunnuwansa cike suke da baƙin datti busasshe kamar garin gawayi, kuma yana susa har yana kuka. Yanzu kyanwata ma ta fara. Me ya haɗa su?

Amsa: 'Yar'uwa, siffar da kika bayar ta yi daidai da ƙwaron kunne da ake kira Otodectes cynotis. Ɗan mitsitsi ne, bai kai rabin milimita ba, dangin kaska ne da gizo-gizo, yana zama a saman fatar ramin kunne yana cin maiƙo da ɓawon fata. Idan kika shafa ɗan dattin a kan baƙar takarda a wuri mai haske, kina iya ganin fararen ɗigo-ɗigo suna motsi. Yana yaɗuwa ta cuɗanya tsakanin dabba da dabba, kuma ya fi yawa a kyanwoyi da 'yan kwikwiyo, don haka ba abin mamaki ba ne da suka kamu tare.

Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kimanin mako 3 ake ɗauka, kuma yawancin magungunan ɗigawa ba sa kashe ƙwan. Wannan ne ya sa maganin kwana biyar yake kawo sauƙi sannan abin ya dawo. Ko dai a ci gaba da ɗigawa har a wuce wannan zagaye, ko a yi amfani da magunguna masu daɗewa a jiki, irin selamectin da ake ɗigawa a ƙeya, ko na dangin fluralaner da sarolaner, bisa ga shekarun dabbar da nauyinta. A yi wa duk karnuka da kyanwoyin gidan lokaci guda, har da waɗanda ba su fara susa ba, a kuma wanke shimfiɗarsu.

Gargaɗi biyu nake da su. Kada ki shafa wa kyanwa maganin kaska na kare mai ɗauke da permethrin, domin guba ne gare ta kuma yana kisa. Kada kuma ki ɗebi ivermectin na manyan dabbobi ki yi wa kwikwiyo da ƙiyasi. Sauƙin wuce kima ke gare shi, sannan karnuka irin Collie da danginsu da dama suna ɗauke da wani bambanci na gado da yake sa maganin ya ratsa ƙwaƙwalwarsu. Ga masu manyan karnuka kuma, baƙin datti a kunne ya fi zama yis a kan ƙwaro, kuma mutane da yawa sun ɓata makonni suna zuba maganin ƙwaro a kunnen da babu ƙwaro ko ɗaya.

Tambaya: Likita, karena ya yi kwanaki yana kaɗa kai, kunnuwansa suna bugawa fat-fat. Yau da safe na tarar fatar kunne ɗaya ta kumbura suntum, tana da taushi da ɗumi kamar an cika ta da ruwa. Maƙwabcina ya ce in huda da allura. In yi?

Amsa: Kada ka yi, Malam. Fatar kunnen kare faifan guringuntsi ne da fata ta lulluɓe ta gaba da baya. Idan kare ya yi ta kaɗa kai da ƙarfi ko yana dukan kunnen da ƙafa, ƙananan jijiyoyin jini sukan tsinke, jini ya taru a tsakani ya raba su. Idan ka huda, jinin zai fito, amma aljihun da ya buɗe yana nan, cikin yini ɗaya ko biyu zai sake cika, ka kuma shigar da ƙwayoyin cuta wurin da da babu su, kumburin jini ya koma ƙurji mai mugunya.

A asibiti, idan kumburin ƙarami ne akan zuƙe jinin cikin tsabta a haɗa da maganin rage kumburi, ko da yake wannan ma yakan bukaci maimaitawa. Idan babba ne sai a sa kare barci, a tsaga, a kwashe jinin da ya daskare, sannan a yi ɗinki da yawa da suke ratsa fatar kunnen daga gefe zuwa gefe domin su manne ta da guringuntsi. Ɗinkin yakan zauna mako 2 zuwa 3, kuma a wannan lokaci ana sa wa karen abin wuya mai kama da mazurari domin kada ƙafarsa ta kai wurin. Idan aka bar shi ba magani, jiki zai shanye jinin a hankali cikin makonni, amma kunnen yakan yamutse ya ƙanƙance har abada, wani lokaci har ya toshe bakin ramin, ga kuma zafin da karen zai sha kafin nan. Abin da ya sa shi kaɗa kai tun farko shi ne ainihin ciwon, don haka dole a leƙa cikin kunnuwan biyu a wannan zuwan. Idan kaɗa kan ya fara ne farat ɗaya bayan yawo cikin ciyawa, akwai yiwuwar irin ciyawa mai tsini ne ya shige. Irin wannan ƙayoyinsa baya suke kallo kamar na kibiya, gaba kawai yake tafiya, kuma sai da abin kamu na likita ake zaro shi.

Tambaya: Likita, yaya ake wanke kunnen kare a gida, kuma sau nawa? Ina amfani da tsinken auduga irin wanda nake goge nawa da shi.

Amsa: Malama, ki ajiye tsinken. A ramin da ya lanƙwasa, abin da tsinke yake yi shi ne tura datti ƙasa ya danƙare shi a kan dodon kunne, kuma idan karen ya fizge kai tsinken yana iya yi masa rauni. Ki nemi ruwan wanke kunne da aka yi domin karnuka. Ki ɗaga fatar kunnen sama domin ramin ya ɗan miƙe, ki zuba har ki ga ruwan ya kusa cikowa, sannan ki murza gindin kunnen a hankali na kimanin daƙiƙa 30. A nan ne ƙarar caɓal-caɓal take zama alamar kina yi daidai. Ki sake shi ya kaɗa kansa, wanda zai fi kyau a yi a waje domin zai fantsama, sannan ki goge abin da ya fito da auduga a kan yatsa, iyakar inda yatsan ya kai ba tare da turawa ba.

Kunnen da yake da tsabta, babu wari, launinsa ja-ja mai haske, ba ya bukatar wanki a kai a kai, domin fatar ramin tana tura datti waje da kanta, kuma yawan jiƙa ta yana jawo ciwon da ake gudu. Leƙawa da shinshinawa sau ɗaya a mako sun wadatar. Masu yawan shiga ruwa irin Labrador, da masu nauyin kunne irin Cocker Spaniel da Basset Hound, da masu tsukakken rami irin Shar-Pei, sun fi bukatar kulawa, kuma likita ne zai tsara musu lokaci. Gashin da yake tsirowa cikin kunnen karnuka irin Poodle, a ra'ayina, idan kunnen lafiya yake a rage tsawonsa kawai, domin tsige shi yana barin ƙananan raunuka.

Kada a zuba sifirit, ko haidurojin da ake wanke ciwo da shi, ko man girki, ko kananzir, ko ragowar maganin kunnen mutum. Idan kunnen ya yi ja sosai, ko yana zubar da mugunya ko jini, ko karen yana kuka idan an taɓa, to ba wanki yake bukata ba. Kare mafi ladabi ma yana iya cizo idan an taɓa kunne mai ciwo, don haka a sa masa takunkumi kafin a duba. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen, domin yana yi wa cikinsa gyambo ya kuma lalata ƙoda.

Tambaya: Likita, kwana uku da fara ɗiga wa tsohon karena wani maganin kunne da ya rage daga bara, sai ya wayi gari kansa a karkace, yana tangaɗi, idanunsa suna rawa, ya yi amai, kuma kamar ba ya ji idan na kira shi. Shanyewar ɓarin jiki ce?

Amsa: Malam, ka daina ɗiga maganin yanzu, ka kai shi asibiti yau, ka tafi da kwalbar. Kunnen ciki ba ji kaɗai yake yi ba, a nan ne ma'aunin daidaiton jiki yake, wanda yake gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa. Idan ɓangare ɗaya ya samu matsala, kai yakan karkata zuwa wajen, dabba ta riƙa faɗuwa ko zagaye, idanu su riƙa fizga, jiri kuma ya kawo amai.

Abubuwa uku ne suke gabana a tambayarka. Cutar kunnen da ta sa ka ɗauko kwalbar tana iya kasancewa ta fasa dodon kunne ta shiga ciki, kuma idan haka ne akan ga leɓe ko fatar idon wannan ɓangare sun saki, domin jijiyar da take motsa fuska ta kusa da kunnen tsakiya take bi. Maganin da kansa ma abin zargi ne: magungunan ɗiga kunne da dama suna ɗauke da gentamicin ko neomycin, waɗanda suke da amfani ƙwarai idan dodon kunne a rufe yake, amma idan ya huje suna iya kaiwa kunnen ciki su jawo kurumta da jiri. Jin wasu karnuka yakan dawo bayan makonni idan an daina maganin an kuma wanke kunnen da wuri, na wasu kuma ba ya dawowa. Sai kuma wata larura ta tsofaffin karnuka da take zuwa farat ɗaya da irin waɗannan alamu ba tare da ciwon kunne ba, wadda takan fara sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3, mafi yawansu kuma su miƙe cikin mako 2 zuwa 3, ko da karkatar kan ta ɗan rage. Na ambaci wannan ne domin kada ganin halin da yake ciki ya sa ka yanke ƙauna da shi.

Idan cutar kunnen tsakiya ce, magani yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 ko fiye, kuma dodon kunnen da ya huje yana iya haɗewa cikin 'yan makonni idan an kawar da cutar. Kafin ku isa asibiti, ka ajiye shi a ƙasa a kan shimfiɗa mai taushi, nesa da matakala da ruwa mai zurfi. Idan kuwa ba a taɓa yi masa rigakafin ciwon haukar kare ba, kuma tangaɗin ya zo tare da dalalar miyau, ko sauyin hali, ko kasa haɗiya, kada kowa ya sa hannu kusa da bakinsa. A killace shi a kira likitan dabbobi ya zo.

Tambaya: Likita, ƙudaje sun addabi bakin kunnuwan karena, wurin ya yi baƙin ɓawo yana zubar da jini.

Amsa: Malam, wannan aikin ƙuda mai cizo ne, wanda ya yi kama da ƙudan gida amma yana da baki mai tsini da yake shan jini da shi. Yana hayayyafa a ruɓaɓɓiyar ciyawa mai danshi da ta cakuɗu da kashin dabbobi, kuma da rana yake cizo. A karnuka masu miƙaƙƙun kunnuwa tsinin kunnen yake kamawa, a masu rataye kuma wurin lanƙwasar. Ka jiƙa ɓawon da ruwa mai ɗumi har ya yi taushi, ka goge a hankali, ka shafa man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta da kauri, domin ya rufe ciwon ya kuma hana ƙuda sauka. Ka mayar da karen cikin ɗaki da rana har wurin ya warke, ka kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar shara daga inda yake kwana, ka kuma nemi maganin korar ƙuda da aka yi domin karnuka. Ka riƙa duba ciwon kullum, domin wasu ƙudajen suna yin ƙwai a buɗaɗɗen rauni, kuma tsutsa takan ƙyanƙyashe cikin yini guda. Idan ɓawon ya bi gefen kunnen gaba ɗaya, gashi yana zubewa a gwiwar hannu, kuma ƙafar baya tana harbawa da kanta idan ka murza gefen kunnen, to a gwada shi ko ƙazuwa ce, wadda maganinta daban ne kuma tana iya kama mutanen gida.